Daga Samaru zuwa Gidan Waya: yadda ake tarbar ɗalibi idan ya ɗaga murya

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya taɓa jin tsofaffin ɗalibai suna ambaton 23 ga Mayu, 1986, ranar da 'yan sanda suka harbe ɗalibai a jami'ar, ko da kuwa ba a haife shi ba a lokacin. Amma tushen abin ya girmi wannan rana da shekara takwas.

A watan Afrilun 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abinci da na wurin kwana a jami'o'i. Ƙarin kwabo 50 a kan abincin yini shi ya fi tsaya wa ɗalibai a rai. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira ƙauracewa azuzuwa, aka ɗora laifin a kan kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, shi ya sa aka san boren da "Ali Must Go". An harbe ɗalibi a Legas, wutar ta iso Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, aka turo sojoji, aka zubar da jinin ɗalibai. Bayan ƙura ta lafa gwamnati ta haramta NUNS, shugaban jami'ar na lokacin, Farfesa Iya Abubakar, shi ma ya bar kujerarsa.

Tunawa da waɗannan mamata ne ya haifar da na 1986, kuma wannan ne wurin da ya fi ba ni takaici. Ɗalibai sun yi jerin gwano, suka ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, inda doka ta hana maza shiga. Laifi ne, babu musu, amma irin wanda kwamitin ladabtarwa zai iya kashewa a zaure. Sai hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ɗalibai da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. Mutum 4 hukuma ta amsa an kashe, har da ɗaliba mace, ɗalibai da malamai kuwa sun dage cewa adadin ya fi haka. Ɗan sandan da aka horar don tarwatsa taron kan titi, aka ba shi harsashi mai rai aka shigar da shi tsakanin ɗakunan kwanan yara, me ake tsammanin zai faru?

Jami'o'in ƙasar suka ɗauka gaba ɗaya. Janar Babangida ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, daga baya aka ƙara na Mai Shari'a Mustapha Akanbi. Ango Abdullahi ya sauka a shekarar. Sai dai sandar ta fi sauka a kan masu kuka: an takura ƙungiyoyin ɗalibai, aka raba ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ƙungiyar ƙwadago ta NLC, a 1989 kuma aka fito da doka mai lamba 47 wadda ta ba hukuma ikon rushe ƙungiyar ɗalibai. A 1995 ma soja aka kawo, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar a matsayin kantoma.

Mulkin soja ya wuce, salon bai canza sosai ba: sanarwar rufe makaranta, a ba ɗalibai 'yan sa'o'i su kwashe kaya, motocin jami'an tsaro a bakin ƙofa. A 2021, da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙara kuɗin makarantun gaba da sakandare na jiha, wanda a Jami'ar Jihar Kaduna ya kai naira 150,000, ɗalibai sun fito. A Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya an rasa ran ɗalibi a zanga-zangar watan Yuni na shekarar. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin makarantun, na Jami'ar Jihar Kaduna ya koma naira 105,000, wato kukan da aka tarba da bindiga shi aka dawo aka saurara bayan shekara biyu, lokacin da iyayen wancan yaro sun daɗe da karɓar gaisuwa.