Waiwaye: Yadda jihohin Amurka suka mayar da tuƙi cikin maye babban laifi

Direban da 'yan sanda suka kama a buge karon farko a jihar Arizona, doka ta tanadar masa kwana 10 a gidan yari, ko da yake alƙali na iya yafe masa kwana tara daga ciki idan ya amince a duba shi kuma ya halarci darussan barin giya. Da a Wisconsin aka kama shi, muddin bai ji wa kowa rauni ba kuma babu ƙaramin yaro a motar, tara kawai zai biya a dakatar da lasisinsa na 'yan watanni, ba za a ma rubuta shi cikin masu laifi ba. Ƙasa ɗaya, laifi ɗaya, hukunci daban-daban. Dalili shi ne dokokin hanya da na yawancin laifuka a Amurka suna hannun jihohi 50 ne, gwamnatin tarayya ba ta rubuta musu.

Haramcin kansa ya tsufa. Tun 1906 New Jersey ta hana wanda ya bugu tuƙa mota, da tarar da za ta iya kai dala 500 ko ɗaurin kwana 60, New York ta biyo baya a 1910. Sai dai dokokin nan ba su faɗi mene ne buguwa ba. Ɗan sanda zai tsaya gaban kotu ya ce ya ji warin giya, ya ga mutum yana tangaɗi, harshensa na sarƙewa. Lauyan wanda ake tuhuma ya ce gajiya ce ko rashin lafiya. Masu taya alƙali yanke hukunci kuwa, da yawansu su ma sukan sha su tuƙa, sai su sallami mutum.

Abin da ya fara sauya lissafin shi ne awo. Masanin nan ɗan Suwidin Erik Widmark ya nuna yadda za a auna yawan giyar da ke cikin jini, kuma a 1936 Norway ta zama ƙasa ta farko da ta kafa iyaka a doka, 0.05, wato giram 0.05 na giya a kowane mililita 100 na jini. A Jami'ar Indiana, Rolla Harger ya ƙera wata na'ura da ake sa direba ya hura balan-balan a gwada iskar, 'yan sandan Indianapolis suka fara aiki da ita a ƙarshen 1938. A shekarar da ta biyo baya Indiana ta saka adadi a cikin dokarta: 0.15. Wannan ya kusa ninka 0.08, iyakar da yawancin jihohi ke amfani da ita yau, kuma mutumin da ya kai nan ba ya ma buƙatar na'ura, ido ya ishe shi shaida. Haka yawancin jihohi suka zauna shekara da shekaru. A 1953 New York ta kawo ƙa'idar da duk jihohi suka kwaikwaya daga baya, cewa wanda ya karɓi lasisin tuƙi ya riga ya amince a gwada shi, idan ya ƙi kuma a ƙwace lasisin. Shekara guda bayan haka Robert Borkenstein, wani jami'in 'yan sandan Indiana, ya fito da Breathalyzer, na'urar auna giya a numfashi mai sauƙin ɗauka, kuma binciken da ya jagoranta a garin Grand Rapids a 1964 ya nuna cewa haɗarin yin karo yana hauhawa tun kafin a kai ko kusa da 0.15.

Duk da haka har ƙarshen shekarun 1970 jama'a na kallon abin a matsayin tsautsayi. A fina-finai da wasannin barkwanci mashayin da ke lalubar makullin motarsa abin dariya ne. Masu gabatar da ƙara sukan sassauta tuhuma ta koma tuƙin ganganci don shari'a ta ƙare da wuri. Doka na nan a takarda, hukuncinta ne ba ya cizo.

Mata ne suka karya wannan al'ada. A 1978 Doris Aiken ta kafa ƙungiyar RID mai yaƙi da tuƙi cikin maye a jihar New York bayan wani direba a buge ya kashe wasu matasa biyu 'yan gida ɗaya a garinsu. Amma labarin da ya girgiza ƙasar ya faru ne ranar 3 ga Mayu, 1980 a Fair Oaks da ke Kalifoniya, inda mota ta banke wata yarinya 'yar shekara 13, Cari Lightner, tana tafiya a gefen hanya, direban ya tsere. Da aka kama shi sai aka gano an sha hukunta shi kan tuƙi cikin maye, kuma kwanaki kaɗan kafin nan aka ba da belinsa a kan wani karon da ya yi ya gudu. Shekara biyu aka yanke masa, bai ma cika su ba. Mahaifiyar yarinyar, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata ta MADD a wannan shekarar. Dabararsu ba ta da wuya: su cika kujerun kotu riƙe da hotunan 'ya'yansu, su rubuta sunan duk alƙalin da ya yi sassauci, su bi 'yan majalisar jiha ofis-ofis. Ɗan siyasa na iya kauce wa ƙididdiga, amma da wuya ya kauce wa uwar da ta binne ɗanta jiya. Cikin 'yan shekaru jihohi suka zartar da ɗaruruwan sababbin dokoki, da ɗaurin dole ga wanda ya maimaita da ƙwace lasisi nan take tun kafin a je kotu.

Kotuna ma sun motsa. A 1981 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar wani mai suna Watson da ya kashe wata mata da 'yarta, ta ce ana iya tuhumar direban da ya san haɗarin abin da yake yi da laifin kisan kai, ba kisan kuskure kawai ba. Hukuncin wannan laifi a jihar ɗaurin shekara 15 ne zuwa rai da rai. Shi ya sa yau ake karanta wa duk wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye a can gargaɗi a gaban kotu, ko a sa shi ya sa hannu a kansa, cewa idan ya sake har wani ya mutu, ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Ita kuwa gwamnatin tarayya, da yake ba ta da ikon rubuta wa jihohi doka, sai ta kama su ta aljihu. A Yulin 1984 Shugaba Ronald Reagan, mutumin da ya yi suna wajen cewa a bar jihohi su ji da kansu, ya sa hannu a dokar da ke zaftare wa jiha wani kaso na kuɗin gina manyan hanyoyi idan ba ta ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21 ba. South Dakota ta kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba tarayya gaskiya a 1987, zuwa 1988 duk jihohi sun bi. An sake wannan dabara a 1995 kan matasan direbobi, aka kuma sake ta a shekarar 2000 lokacin da Bill Clinton ya sa hannu kan iyakar 0.08, wadda Utah da Oregon suka fara tun 1983. Masu sayar da giya da masu gidajen abinci sun yi ta adawa, amma zuwa 2005 babu jihar da ba ta aiki da 0.08. Direbobin manyan motoci na haya kuwa, 0.04 ce tasu.

Iyaka ta zama ɗaya, hukunci bai zama ba. A Texas kamu na uku babban laifi ne mai ɗaurin shekara 2 zuwa 10, a Kalifoniya sai na huɗu cikin shekara 10. New Mexico ce ta fara, a 2005, tilasta wa duk wanda aka samu da laifi ya saka wa motarsa na'urar da ba ta barin inji ya tashi sai an hura mata numfashi marar giya. New York ta mayar da tuƙi a buge da yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa a mota babban laifi tun karon farko a 2009, bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 11. Tennessee ta zo da wani salo a 2022: wanda ya kashe uba ko uwa ya riƙa biyan kuɗin ciyar da marayun da ya bari. Shingen bincike a kan hanya, wanda Kotun Ƙoli ta halasta a 1990, har yanzu akwai jihohin da ba sa kafa shi, ciki har da Michigan da ita ce ta kai batun kotun, domin kotunanta sun ce tsarin mulkin jihar bai yarda ba. A 2016 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta raba gardama kan gwaji: ana iya auna numfashin wanda aka kama ba tare da takardar izinin alƙali ba, amma ɗibar jini sai da ita. Baƙon da ke zaune da bizar karatu ko ta aiki yana da ƙarin abin tsoro, don kamun kaɗai na iya sa a soke masa bizar.

Ko tsananin ya yi amfani? A 1982 mutum sama da 21,000 ne suka mutu a haɗurran da direba ya kai 0.08 ko fiye. Zuwa 2011 adadin ya sauko ƙasa da 10,000, duk da ƙaruwar jama'a da motoci. Ba duka nasarar ce ta gidan yari ba, bel ɗin kujera da ingancin motoci da asibitocin gaggawa duk suna da rabo. A ganina ƙwace lasisi nan take da na'urar numfashi sun fi dogon ɗauri tasiri, domin wanda ya sha ba ya lissafin shekarun kurkuku, abin da yake tunani shi ne ko za a tare shi a daren nan. Kuma ci gaban ya tsaya: a 2021 da 2022 mace-macen sun sake haura 13,000 a kowace shekara.

A 2013 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ba jihohi shawarar su sauko zuwa 0.05, iyakar da Norway ta kafa tun 1936. Utah ta amsa, dokarta ta fara aiki ranar 30 ga Disamba, 2018. A wasu jihohi, irin su Washington da Hawaii, an sha gabatar da irin wannan ƙudiri a majalisa, kuma wannan karon gwamnatin tarayya ba ta ɗaura shi da kuɗin hanya ba.