Harin Kaseya na 2021

Harin Kaseya kutse ne da aka yi ta intanet ranar Juma'a, 2 ga Yulin 2021, wanda ya kulle kwamfutocin ƙanana da matsakaitan kamfanoni tsakanin 800 zuwa 1,500 a ƙasashe daban-daban, ba tare da masu kutsen sun bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Gungun masu kutse na REvil, wanda ake alaƙantawa da Rasha, shi ne ya ɗauki alhakinsa.

Kaseya kamfanin manhaja ne da ke birnin Miami a Amurka, kuma yana sayar da manhajarsa mai suna VSA ga kamfanonin da ke kula da kwamfutocin wasu bisa kwangila. Asibitin haƙori ko ofishin akanta mai ma'aikata goma ba zai iya ɗaukar injiniyan kwamfuta na dindindin ba, saboda haka yakan biya irin waɗannan kamfanoni kuɗi duk wata. Da VSA ne ma'aikacinsu, yana zaune a ofishinsa, yake shiga kwamfutocin abokan hulɗa daga nesa, ya sabunta manhajoji, ya gyara abin da ya lalace. Aikin ba ya yiwuwa sai an damƙa wa manhajar cikakken iko a kan kowace na'ura, kuma wannan amanar ce masu kutsen suka hau kai.

Sun yi amfani da wata ɓaraka a VSA suka tura manhajar da ke kulle bayanai don neman kuɗin fansa, a siffar sabuntawa ta halal, kwamfutocin kuwa suka karɓa ba gardama, tunda ta hannun da suka saba ta zo. Kamfanonin kwangilar da aka shiga kai tsaye ba su wuce 60 ba. Lokacin ma zaɓaɓɓe ne, domin ana shirin tafiya hutun ranar 'yancin kai ta 4 ga Yuli a Amurka, ofisoshi sun fara watsewa. Abin takaicin shi ne masu bincike na cibiyar DIVD ta Holan, mai farautar ɓaraka a manhajoji, sun sanar da Kaseya ɓarakar tun watan Afrilu, ana cikin aikin toshe ta aka riga su.

A Suwidin, ɗaruruwan kantunan Coop sun rufe ƙofa saboda na'urorin karɓar kuɗinsu sun tsaya cik, alhali Coop ba shi da wata hulɗa kai tsaye da Kaseya. Kamfanin da ke kula masa da na'urorin ne yake amfani da VSA.

REvil ya nemi dala miliyan 70 a kuɗin Bitcoin kafin ya saki mabuɗin da zai buɗe duk kwamfutocin. Bayan kimanin makonni uku Kaseya ya samu mabuɗin, ya kuma ce bai biya ko sisi ba. An kama wani ɗan Yukren, Yaroslav Vasinskyi, a Poland a watan Oktoba na shekarar bisa zargin hannu a harin, sannan a 2024 wata kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara 13 da wata 7.