Binciken Noman Wake a Afirka ta Yamma

Binciken noman wake reshe ne na binciken aikin gona da ke neman ƙara wa ƙaramin manomi abin da yake samu daga wake, tun daga shuka har ajiya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma galibinsa ƙananan manoma ne ke shuka shi tsakanin gero da dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, da aka kafa a Ibadan a 1967, mai reshe a Kano, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, su ne a sahun gaba.

A gona, manyan abokan gaba su ne ciyawar wuta-wuta da tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso. Irin SAMPEA 10 yana jure wa wuta-wuta. A 2019 kuma aka fitar da SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure wa tsutsar Maruca, ya rage feshin maganin ƙwari daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu, ko da yake wasu ƙungiyoyi na adawa da shi.

Ajiya ta fi taɓa aljihun manomi kai tsaye. Ƙwaro kan huhhuda wake cikin 'yan watanni, shi ya sa ake sayarwa da kaka a wulaƙance, ko a barbaɗa masa maganin ƙwari mai guba. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Kamaru sun samar da buhun PICS: leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa, kowanne a ɗaure bakinsa dabam. Iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu, babu magani ko ɗigo. Amma ko ƙaramar huda ce a ledar, aiki ya ɓaci.

Manomi dai ba ƙwaya kaɗai yake dubawa ba. Harawa ita ce abincin awaki da tumaki da rani, kuma kuɗi ce a kasuwa, don haka irin da ba ya ba da ita kan sha wahalar karɓuwa komai yawan 'ya'yansa. Dole masana suka koma haɗa iri mai ba da ƙwaya da harawa tare, kuma fari mai manyan ƙwayoyi, irin wanda masu ƙosai da alale suke nema.