Shin sai wa'adi ya cika ake iya sauke ɗan majalisa?

Daga Gusau har Talata Mafara an daɗe ana cewa idan aka zaɓi ɗan majalisa, sai haƙuri har shekara 4. Ba abin mamaki ba ne, don ba a saba ganin akasin haka ba.

Amma tsarin mulkin 1999 ya tanadi kiranye: sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Jan aiki ne, gaskiya. Gwamna kuwa ba ya ciki.

Ku nemo sassan nan a intanet ku karanta da kanku, ku kuma tura wa 'yan uwa wannan bayani.