Tambayoyi da amsoshi kan harhaɗa agogon hannu a gida a kan samfurin manyan agoguna

Me ake nufi da harhaɗa agogo a gida, kuma shin ƙerawa ce daga tushe?

Ba ƙerawa ba ce. Mai wannan sha'awa yana sayen sassan agogo ne daban-daban, wato inji da gida (ƙarfen da injin yake zama a ciki) da fuska da hannaye da gilashi da maɗauri, sannan ya zauna ya haɗa su da hannunsa har su fito da kamannin wani sanannen agogo. Waɗanda aka fi kwaikwaya su ne Submariner na kamfanin Rolex, wanda ya fito a 1953, da Royal Oak na Audemars Piguet na 1972, da Nautilus na Patek Philippe na 1976, kuma biyun ƙarshen nan Gérald Genta ne ya zana su.

Wane inji ya kamata mai koyo ya fara da shi?

NH35 na gidan Seiko da ke Jafan. Inji ne wanda ba ya amfani da batir, motsin hannun mai ɗaure da shi ne yake naɗa shi, yana bugawa sau 21,600 a awa, kuma idan ya cika yana iya yin kusan awa 41 a ajiye bai tsaya ba. Abin da ya sa na fifita shi a kan Miyota 8215, wani injin irinsa, shi ne yawan gidaje da fuskoki da aka yi daidai da shi, yawancin fuskokin masu faɗin milimita 28.5, don haka da wuya mutum ya sayi sassan da suka ƙi zama da juna. Sai dai kada a sa rai da cikar lokaci irin ta Rolex, wanda ya yi alkawarin daƙiƙa 2 gaba ko baya a rana. Ma'aunin NH35 ya yarda da jinkirin daƙiƙa 20 ko saurin daƙiƙa 40.

A ina aikin ya fi wuya?

A wurare biyu. Na farko shi ne dasa hannaye. Ana murza ɗan kan da ke gefen agogon, wanda ake saita lokaci da shi, a hankali har kwanan wata ya sauya, a tsaya cak a nan, domin wannan shi ne sha biyun dare a wurin injin, sannan a dasa hannun awa yana kallon 12, a bi shi da na minti. Hannun daƙiƙa ne yake gwada haƙurin mutum, saboda ramin da ke ƙarƙashinsa da ƙyar ido yake ganinsa, kuma tsinken da zai zauna a kai yana iya lanƙwashewa idan aka danna da ƙarfi. Ana ɗaukarsa da ɗan dunƙulen Rodico, wani abu mai danƙo da masu gyaran agogo suke amfani da shi, ba da hantsaki ba, don kada a karce fentinsa. Bayan an gama a duba ta gefe da gilashin ƙara girma, a tabbatar babu hannun da yake gogar ɗan uwansa.

Na biyu shi ne yanke sandar da ke haɗa kan murzawa da inji, wadda take zuwa da tsawo fiye da buƙata. Ana rage ta kaɗan-kaɗan ana gwadawa, domin idan ta gaza ba ta da magani sai sabuwa. Mai hankali yakan sayi biyu ko uku tun farko.

Yanayin Sakkwato ba zai kawo cikas ba?

Zai kawo, musamman a lokacin hunturu. Ƙurar da ba a ma lura da ita a kan tebur, idan ta sauka a baƙar fuskar agogo aka rufe gilashi a kanta, kullum mai agogon ya duba lokaci ita zai fara gani, wadda ta shiga inji kuwa takan haɗu da mai ta hana shi tafiya daidai. Saboda haka a rufe taga, a kashe fanka ko da ana zafi, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, a kifa kofin gilashi a kan injin duk lokacin da aka ɗaga hannu. Damina ta fi dacewa da wannan aiki. Gumin yatsa ma yana barin tabo a fuska, shi ya sa ake sa safar roba.

Akwai abin da za a iya samu a gida ba sai an yi oda ba?

Inji da gida da fuska galibi ta intanet ake sayensu. Maɗauri kuwa bai kamata ɗan Sakkwato ya nemo shi daga waje ba, alhali fatar jar akuyar nan ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Baduku zai iya yanka shi idan aka ba shi awo, wanda a gida mai siffar Submariner yawanci milimita 20 ne tsakanin kunnuwan da ke riƙe maɗaurin. A roƙe shi ya fefe bakin fatar inda za ta naɗe ɗan ƙarfen da ke tsakanin kunnuwan, in ba haka ba kaurinta zai hana ta shiga.

Ya halatta a sa tambarin Rolex a fuskar?

Nan ne sha'awa take rabuwa da jabu. Akwai kamfanoni da dama da suke sayar da agogo mai kama da Submariner a fili da sunayensu, amma sunan Rolex da tambarinsa na kambi mallakar kamfanin ne, kuma sayar da kaya ɗauke da su ba da izini ba keta dokar alamun kasuwanci ne. Ta fuskar addini ma, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wani zai ce shi kaɗai zai ɗaura, ba sayarwa zai yi ba, amma agogo yana shiga gado, ana kyautarsa, kuma wata rana zai iya kaiwa hannun dillali wanda ba zai faɗi asalinsa ba. A ganina fuska marar suna ta fi, ko kuwa mutum ya sa a buga masa sunansa a kanta, tunda masu sayar da sassa da yawa suna yin hakan idan aka nema.