Lasisin tuƙi a Amurka: abin da baƙo ya kamata ya sani kafin ya shiga layi

A aikinmu na taimaka wa baƙi cike takardu, tambayar da ba ta ƙarewa ita ce: "Ni da ban zama ɗan ƙasa ba, za su ba ni lasisi kuwa?" Yawanci za su ba ka. Matsayin zamanka ake dubawa, kuma jihohi ne ke bayar da lasisi, kowace da tsarinta.

Mai katin zama na dindindin ba shi da matsala, lasisinsa kamar na kowa ne. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya shigo da biza kuwa, yawanci lasisinsa na ƙarewa ranar da izinin zamansa ya ƙare. Ka je da fasfo, da takardar shigowa ta I-94, da takardar I-20 ta makarantarka in kai ɗalibi ne, da takardu biyu masu ɗauke da adireshinka. In ba ka da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa da masu izinin aiki, jihohi da dama za su nemi wasiƙar da ke nuna ba ka cancanci samunta ba. Kuma kada ka yi gaggawa daga saukarka. Bari kamar kwana 10 su wuce, domin ana tantance ka ne ta rumbun bayanan SAVE na hukumar shige da fice, in sunanka bai hau ba ka yi asarar wuni.

Wanda ba shi da takardar zama fa? Ya danganta da inda yake. Kalifoniya tana ba su lasisi tun Janairun 2015, New York tun Disambar 2019, da fasfon ƙasarsu. Sai dai katin ba shi da tauraron REAL ID, wato alamar da ke sa a karɓi kati wajen hawa jirgin sama a cikin ƙasar, wanda dokar 2005 ta kawo, aka fara tilasta shi a filayen jirgin sama ranar 7 ga Mayu, 2025. Texas ba ta bayarwa, Florida ma tun 2023 ta daina amincewa da lasisin da wata jiha ta keɓe wa marasa takarda.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne, 'yan uwa. Wata doka ta 1993 ta sa ofisoshin lasisi suna yi wa mutane tayin rajistar zaɓe. Kana tsaye, layi ya yi tsawo a bayanka, ma'aikaciya ta juyo maka da ɗan allo tana magana da sauri, kai kuma kana ta danna "eh" don a sallame ka. A cikin tambayoyin akwai: kai ɗan ƙasa ne? Kana son rajistar zaɓe? Dannawa ɗaya ce, amma a idon doka ka yi iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya. Wannan kan hana mutum katin zama, ya ɓata masa neman zama ɗan ƙasa shekaru bayan ya manta da ranar, har ya kai ga kora. Mai katin dindindin ma bai tsira ba, don shi ma ba ya zaɓen tarayya.

Ka karanta kowane layi. In ba ka gane ba, ka ce a maimaita, masu jira su jira. In kuma katin zaɓe ya riga ya iso maka a wasiƙa, kada ka kusanci rumfar zaɓe, ka nemi lauyan shige da fice kafin ka sake sa hannu a wata takarda.