Tura saƙonnin syslog daga rautar gida zuwa wata kwamfuta

Tura saƙonnin syslog, tsarin da na'urori ke bi wajen rubuta rahoton ayyukansu, hanya ce da rautar gida, wato na'urar da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, take aika bayanan abin da ke faruwa a cikinta zuwa wata kwamfuta domin a adana su. A cikinsu akwai lokacin da layin kamfanin intanet ya yanke, da wayar da ta shiga Wi-Fi da adireshin IP da aka ba ta, da yunƙurin shiga da kalmar sirri ta kuskure. Yawancin rautoci a RAM, ma'ajiyarsu ta wucin gadi, kawai suke riƙe saƙonnin, a ɗan ƙaramin wuri da sabo ke ture tsoho, kuma da an ɗauke wuta sai su ɓace. A Legas, inda rauta kan mutu ta tashi duk sa'ar da aka juya daga wutar NEPA zuwa janareta, mai shago a Agege ko Idi-Araba da ke son sanin abin da ya katse masa layi cikin dare ba zai tarar da komai da safe ba, sai in saƙonnin sun riga sun fita daga rautar.

Tarihi

Eric Allman ne ya rubuta syslog a cikin shekarun 1980, galibi ana cewa a farkonsu, domin manhajarsa ta aika imel mai suna Sendmail. Sauran manhajojin Unix na BSD suka ɗauke shi, daga nan masu ƙera rautoci da na'urorin buga takardu suka bi sahu. An yi kusan shekara ashirin ana amfani da shi ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba, kowane kamfani da ɗan bambancinsa.

A watan Agusta na 2001 ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da kundin RFC 3164, wanda ya bayyana abin da aka tarar ana yi ne kawai, bai kafa doka ba. A wannan tsohon tsari saƙo ba ya wuce bayit 1024, kuma kwanan watansa ba shi da shekara, ba shi da yankin lokaci. An gyara hakan a RFC 5424 na Maris 2009, wanda Rainer Gerhards ya rubuta. Shi ne kuma ya fara manhajar rsyslog, mai karɓa da adana irin waɗannan saƙonni, a 2004. Kafin ita akwai syslog-ng ta Balázs Scheidler tun 1998. Har yau rautocin gida da yawa tsohon tsarin suke bi.

Tsarin saƙo

Kowane saƙo yana farawa da lamba ɗaya da ta haɗa sashen da ya fito, daga 0 zuwa 23, da matakin tsanani, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na binciken matsala. Ana ninka lambar sashe sau 8 a ƙara ta tsanani: gargaɗi, mataki na 4, daga sashen local0 mai lamba 16 zai fito da 132.

Yadda ake haɗawa

Da farko a ba kwamfutar da za ta karɓa adireshin da ba ya sauyawa, misali 192.168.1.10, ta hanyar keɓe mata shi a shafin DHCP na rautar, inda take rabon adireshi. Idan Linux ce mai rsyslog, a buɗe layuka biyu a /etc/rsyslog.conf: module(load="imudp") da input(type="imudp" port="514"), sannan a sake tayar da manhajar da systemctl restart rsyslog. A katangar tsaron kwamfutar (firewall) a ba ƙofar UDP ta 514, wadda saƙonnin ke shigowa ta ita, hanya, amma ga na'urorin cikin gida kaɗai.

A ɓangaren rautar, manhajar rauta ta OpenWrt na da log_ip da log_port da log_proto a /etc/config/system. Rautocin kamfanin MikroTik kuwa a ƙarƙashin /system logging action ake sa adireshin. Rautocin 4G da kamfanonin layi ke bayarwa da yawansu ba su da wannan zaɓi ko kaɗan, don haka ya kamata a duba kafin a saya, ko a Computer Village ta Ikeja ne.

Matsaloli

Idan babu abin da ke isowa, umarnin tcpdump -i any udp port 514 a kwamfutar zai raba gardama. In fakitocin saƙo na bayyana amma fayil ɗin da ake adana su bai motsa ba, katangar tsaro ce ko rsyslog ba ya sauraro, kuma ss -ulnp zai nuna hakan. In ba sa bayyana, mai yiwuwa adireshin da aka sa a rautar ne ba daidai ba.

Yawancin rautoci ba su da batirin agogo, shi ya sa saƙonnin farko bayan dawowar wuta ke zuwa da kwanan wata na bogi har sai rautar ta samu lokaci daga NTP, tsarin saita agogo ta intanet. Wasu kuma suna kan UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, awa ɗaya a bayan agogon Legas. Mafita ita ce kwamfutar ta rubuta lokacin da ta karɓi saƙon. UDP, hanyar da saƙonnin ke bi, ba ya sake aika abin da ya ɓace, saboda haka kwamfutar da ta fi rautar jinkirin tashi za ta rasa saƙonnin da aka fi buƙata. A ɗora ta a kan inbata ko a yi amfani da tsohuwar laftof mai batiri. Ba tare da logrotate mai kawar da tsofaffin fayilolin saƙo ba, mataki na 7 kan cika faifai.

Tsaro

Saƙon UDP a fili yake tafiya, kuma ana iya ƙirƙirar na jabu. RFC 5425 ya tanadi TLS, mai rufa asirin saƙo a hanya, a ƙofar 6514.